Takardar ƙanwata sati uku tana jakata

Assalamu alaikum admin, a ɓoye sunana. Jama'ar gidan nan don Allah ku ba ni shawara, ko da ɗaci ku faɗa min, na san ban kyauta ba.

Mu biyu ne mata a gidanmu, ni ce babba, ƙanwata bari in kira ta Maryam. Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a wata ma'aikatar tarayya, har yau haya muke a Kado ni da maigidana. Ni na kawo Maryam Abuja bayan aurenta ya mutu, ni na haɗa ta da matar ogana, wadda ta fara sayen leshi a hannunta. Kun san yadda kuɗi ke yawo a garin nan, kafin shekara huɗu ta buɗe shago biyu, ta ci bashin banki ta sayi gida a Gudu. Ranar walimar gidan Hajiyarmu ta riƙe hannunta a gaban mutane ta ce wannan ce ta fitar da ita kunya. Ina tsaye da tiren lemo. Na yi murmushi, amma wallahi a mota kuka na yi.

Daga nan komai Maryam, shawarar gida ita, biki ita, ni sai dai in ji an gama.

Bara kayanta suka maƙale a tashar jirgin ruwa wata da watanni, shagunan suka mutu, ta kasa biya, banki ya yi gwanjon gidan. Ta dawo wani ɗaki a gidana ita da 'yarta. Allah Ya yafe min, na tausaya mata, amma can ƙasan zuciyata wani sanyi na ji. Yanzu Hajiya ni take fara kira. Maryam da a da sai in yi mata waya uku ba ta ɗauka ba, yau ita ke tambayata me za a dafa.

To sati uku da suka wuce takarda ta zo ofishinmu daga lauyan bankin, don adireshina Maryam ta ba su, kuma ta canza lambar waya saboda masu binta bashi. Na buɗe. Ashe gidaje sun yi tsada a Gudu, kuɗin da aka sayar da gidanta ya fi bashin nesa ba kusa ba, an cire nasu, ragowar haƙƙinta ne, ta je da katin shaida ta sa hannu ta karɓa. Na nuna wa wani lauya a ofis kamar ta wata ce, ya ce kuɗin zai saya mata ƙaramin gida har ta yi jari, amma kar a bari ya daɗe.

Ni ba cin kuɗin nan zan yi ba, ba ma yadda zan yi in taɓa shi. Kawai in na tuna za ta sake tashi, ta sake gida, ni ina nan ina roƙon mai gidan haya ya ƙara mana wata ɗaya, sai hannuna ya ƙi fito da takardar. Maigidana ya gan ta a jakata, muka yi faɗa sosai, ya ce bai taɓa sanin haka zuciyata take ba, ya ba ni zuwa Juma'a ko shi ya faɗa mata.

Jiya da yamma Maryam ta same ni a kicin, wai in taya ta neman aikin sito a wani kamfani a Idu. Sai ta kwance ɗankunnenta na gwal, shi kaɗai ya rage mata, ta ce in sayar mata saboda kuɗin makarantar yarinya. Ta ce, “Yaya, duk duniya ke kaɗai ce ba ki yi min dariya ba.” Na karɓa, na kasa kallonta.

Yau Laraba. In na miƙa mata takardar za ta ga kwanan wata a jiki, za ta gane. In ce ɓata ta yi a ofis, na ƙara ƙarya a kan laifi. In faɗa mata gaskiya, Hajiya za ta ji, kuma Maryam ba za ta sake yi min kallon mai ƙaunarta ba. Don Allah wanne zan yi? Kuma wanda ya taɓa yi wa ɗan'uwansa na jini hassada ya warke, ya faɗa min da me ya warke.