Taku Biyar

Daren Asabar, ƙarshen Zulƙida, unguwar Ƙurban

Kwana tara ke nan, usur ɗin nan bai bar kunnena ba. Doka ta ce mai tsaron gida kada ya wuce taku huɗu da ƙwallo a hannu. Alƙalin wasa ya ce biyar na yi. Wallahi huɗu na yi, na biyar ɗin santsi ne ya kwashe ni. Ya ba su bugu a bakin raga, suka ci mu ɗaya da nema.

Da akwai wasa makon nan, da na wanke kaina. To an tsayar da gasa sai bayan Hajji, ga sanyi, ga fili a kulle. Baba ya ce, "Halas, shi ke nan, sai ka riƙe mini shago." Ina miƙa wa alhazai dabino, duk ɗan unguwar da ya gifta sai ya ɗaga mini yatsu biyar. Yau har Kawu Isa, da bai taɓa leƙa filin wasa ba, ya ce, "Ɗana, ƙirga ce ba ka iya ba?"

Da zan rufe na auna shagon daga ƙofa zuwa bango. Taku huɗu ne cif. Saura wata guda a buɗe fili.