Hasken da Ke Zo Mini a Kan Sallaya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar taki? Mu nan lafiya, Ƴar-ƙwalisa ta fara rarrafe.

Yaya, akwai abin da na ɓoye miki. Wata ranar Laraba bayan la'asar ina zaune a kan sallaya, sai na ji ƙamshi kamar na ƙasar da ruwa ya fara taɓawa, alhali taga a rufe take. Wani abu ya taso mini daga ciki zuwa ƙirji, ɗakin ya cika da haske marar kashe ido. Na ji babu abin da nake tsoro a duniya. Kin san yawan littattafan soyayyar da na karanta, amma babu marubuciyar da ta taɓa kwatanta irin wannan. Na tabbata Allah ne Ya dube ni.

Ya sake zuwa sau da dama. Da Malam, maigidana, ya shigo wata rana yana ta kirana ban amsa ba, sai na faɗa masa ina murna. Kin san malamin kimiyya. Ya juya takardar jarabawar wani ɗalibinsa ya zana mini ƙwaƙwalwa, ya sa ɗigo kusa da kunne, wai nan ne lantarki ke tartsatsi. Hajiyarsa kuma ta ce aljanu ne, ta zo da ruwan addu'a a jarka. Suna ta gardama a falo a kan kaina ina kicin ina jin su. Babu wanda ya tambaye ni me na gani.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Auta.

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na ga amsarki. Kin ce in rage karatun littattafai. Har ke ma?

Mun je asibiti. Sun manna mini wayoyi a kai da wani abu mai danƙo, kitsona ya lalace, suka ce in rufe ido in yi ta numfashi da ƙarfi. Likitar ta ce farfaɗiya ce, irin wadda ba ta kayar da mutum. Ta ce in na riƙe magani abin zai daina zuwa, tana murmushi kamar ta yi mini albishir.

Ban sha ba. A hanya na ce wa Malam, ai son da yake mini ma a ƙwaƙwalwa yake, ko shi ma a nemo masa ƙwaya? Ya ce shi bai kira abin ƙarya ba, cuta ya kira shi, kuma Allah ne Ya halicci jijiyar. Na ce to me zai hana Ya yi magana da baiwarSa ta jijiyar da Ya halitta? Ya yi dariya, wai wannan ba ya cikin manhajar da yake koyarwa. Daga nan ya wuce masallaci ya bar ni da haushi.

Hajiya ta goyi bayana a kan ƙin maganin, amma ita so take a kore shi da ruƙiyya. Shi ƙwaya, ita ruƙiyya, duk korarsa suke so. Ni kaɗai ce nake jiran ya dawo.

Taki, Auta.

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Ki yi haƙuri da rubutun.

Jiya da hantsi ina yi wa Malam guga a ƙasa, Ƴar-ƙwalisa na wasa a gefe, sai ƙamshin ya zo. Na yi farin ciki. Da na dawo hayyacina, na ga Malam tsaye, yarinya a kafaɗarsa, waya a ɗayan hannun, ɗakin na ƙaurin ƙonanniyar riga. Ya ce ya dawo ɗaukar makulli ne ya tarar ta kusa kai hannu kan dutsen gugar. Ya fizge ta, ya zare filogi, sannan ya ɗauke ni bidiyo a waya.

Na kalla, Yaya. Na zaci zan ga fuska mai annuri. Wata mata na gani ido a kafe, tana tanɗar baki, tana tsinkar bakin zaninta, yawu na bin haɓarta. Ana jin kukan ƴata a ciki, matar ko ta waiwaya.

Na yi fushi da ya ɗauke ni a haka, na kuma faɗa masa. Bai kare kansa ba, bai zana komai ba, ya zauna a ƙasa yana shafa yatsun yarinyar ɗaya bayan ɗaya.

Har yanzu ban yarda abin da na ji ƙarya ba ne, kuma kada ki rubuto mini cewa ƙarya ne. Amma ni uwa ce, kuma ban ji kukanta ba. Na yi sallar asuba yau, na roƙi Allah in daga gare Shi ne Ya nemo mini wata hanyar. Bayan na shafa, na sha ƙwayar farko. Zan ci gaba da sha.

Ƙanwarki,
Auta.