Baffana Ya Shayar Da Gonar Gwajina, Malamaina Biyu Ba Su Sani Ba

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, don duk abin da zai faɗa na riga na faɗa wa kaina.

Ranar Litinin da ta wuce, da hantsi, mu uku muka yi taro ta bidiyo: ni, da Farfesan da ke duba aikina a wata jami'a a nan Kano, da malamata ta biyu, wata Baturiya da ke wata jami'a a Turai. Digiri na uku nake yi a tsarin haɗin gwiwa, jami'o'i biyu, malamai biyu, kuma sai kowannensu ya sa hannu kafin a ba ni shaida. A taron suka yanke cewa bincikena ya kammala, za ta zo Kano a tara manoma a bayyana musu sakamako. Na ce na gode.

Binciken a kan shinkafar rani ne a yankin Kura: idan aka bar fangali, wato komin shinkafa, ya tsotse har ƙasa ta tsage kafin a sake sakar masa ruwa, amfanin zai ragu ko kuwa? Baffana ne ya ara mini gona bara. Na raba ta biyu, rabi ruwa kullum, rabi ana jinkirta masa. Ina koyarwa a birni, don haka sai Asabar nake zuwa. Wata Laraba aka ɗage darasi, na zo ba sanarwa, na tarar fangalan da ya kamata su bushe sun cika maƙil, ga Baffa tsaye da fartanya. Na ce, "Baffa, ai waɗannan na gwaji ne." Ya ce, "Likitan shinkafa! Kai kana birni, ni ake kallo. Har a masallaci an tambaye ni ko rigima nake da mai rabon ruwa. Gonata ta tsage alhali kanal ɗin ban-ruwa a cike? Sai dai bayan raina." Na ce tun yaushe? Ya ce, "Tun da aka yi dashe. Tsakiyar mako nake ba su, kafin Asabar ɗinka sun tsotse."

Ta yaya zan ɗaga wa mutumin da ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina murya, kuma a cikin gonarsa? Na juya na koma birni. Abin kunyar shi ne ban gaya wa malamaina ba, kuma tsarin da kansa ya sauƙaƙa mini. Ita Baturiyar tana ganin Farfesa yana kusa, yana leƙa gona. Shi yana ganin ita ce ke bin komai, tunda duk mako ina tura mata hotuna. Hotunan ba na ƙarya ba ne, ƙasar a tsage take, amma duk na Asabar ne. Da ta tambaye ni ko Farfesa ya ga fangalan, na ce yana sane da komai. Da shi ya ce, "Madam ɗin ta gamsu?" na ce, "Ta gamsu, ranka ya daɗe." Ya ce, "To shi ke nan, ai su ne masu na'urori." Ni kaɗai na san babu wanda ya taka gonar a cikinsu.

Da aka yi girbi, ɓangarorin biyu suka ba da amfani kusan daidai. Yaya ba za su ba da ba, ruwa kusan ɗaya suka sha? Na rubuta cewa rage ruwa bai rage amfani ba. Wataƙila haka ne, wataƙila ba haka ba ne. Aikina bai tabbatar da komai ba.

Idan na faɗi gaskiya, wa'adin karatuna ya ƙare, babu damar maimaitawa. Farfesa zai ji kunya a gaban baƙi, kuma akwai ɗalibai a bayana da ke jiran wannan haɗin gwiwa ya ɗore. Na koma wa Baffa da maganar, ya ce, "Shinkafa ta yi ko ba ta yi ba? Karɓo takardarka ka rufa mana asiri."

Amma maganar ta riga ta fita. Akwai wani maƙwabcinmu a ƙauye, dattijo mai iyali da yawa, wanda ba shi da komai sai 'yar gonarsa guda. Tun bayan girbin bara ya ji ana cewa Turawa sun yaba, sai bana ya fara hana shinkafarsa ruwa. Baffa bai gaya masa gaskiya ba, kuma ba zai gaya masa ba. Shekaranjiya na bi ta wajen gonarsa, ya taso da fara'a ya nuna mini ƙasar a tsattsage, ya ce, "Dakta, yadda ka yi haka na yi." Shinkafar tasa ta kusa fitar da kai.

Jama'a, ni yanzu me zan yi?