Shafi Ɗaya Ga Kowa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki, ya maigidan da yara? Mu nan sai godiya.

Ɗanki ya kama aiki a ɗakin gwajin jini da fitsarin nawa kamar yadda kika roƙa. Tun ranar farko ya hana a kira shi da sunansa, wai Injiniya. Ni da na goya shi, ban tuna ranar da ya gyara ko tocila ba.

Amma abin da ya haɗa yana aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin karɓar baƙi ya mayar da ita ƙaramar saba, wato na'urar da ke miƙa wa wayoyin mutane shafi ta intanet. Wanda aka yi wa gwaji ba sai ya dawo bin layi ba. Daga gida zai sa lambarsa a waya, sabar ta tayar da wani ɗan rubutaccen umarni, sikirif yake ce masa, shi kuma ya ɗauko sakamakon mai lambar ya haɗa masa shafinsa nan take. Babu suna a kai, saboda sirrin mutane. Ɗan ƙaramin aiki ne, amma in kin ji yana yi wa mai shara bayani, sai ki rantse shi ya ƙirƙiro lantarki.

Yanzu kuma wai shafin yana nauyi, zai ƙara masa gudu. Na ce ya bar abin da ke tafiya lafiya, ya yi mini kallon ƙauyanci.

A gaida kowa.
Taki,
Auta

Yaya,

Ina fatan kun tashi lafiya, ƙafar kuma da sauƙi. Ni dai raina a ɓace yake.

Injiniya ya ƙara gudun. Dabararsa ita ce sabar ta daina tayar da sikirif ga kowane mutum, ta adana shafin farko da aka haɗa, ta riƙa miƙa shi ga duk wanda ya zo bayansa. Gudu kam ya samu. Bai gwada da lamba biyu ba, don masu ilimi irinsa ba sa gwaji.

Wadda ta fara dubawa ranar Talata wata amarya ce, kuma tana da ciki. Saboda haka duk wanda ya sa lambarsa ranar, ciki gare shi. Wani dattijo mai ciwon suga ya bugo waya yana tambayar ko wata nawa ne. Har na yi dariya, Allah ya yafe mini.

Da hantsi sai ga malamar makarantar nan da ta daɗe tana zuwa wurina. Shekara da shekaru da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba, kuma gwajin ciki ta yi. Ta shigo da mijinta, ya riƙe mata jaka kamar za ta fashe. Ta riga ta gaya wa mahaifiyarta da uwar mijin. Ta rungume ni tana kuka tana sa mini albarka, ni kuwa takardarta ta gaskiya na kan teburina, babu komai.

Ni na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, ta karɓi jakarta daga hannun mijin, ta ce in yi haƙuri sun ɓata mini lokaci. Ɗanki yana bayan labule yana latsa waya. Da suka fita ya leƙo, wai ƙaramar matsala ce, ya riga ya gyara, har yana jiran yabo.

Na zare wayar kwamfutar, na karɓi makullina. Gobe yana tafe gida. Na san za ki ce yaro ne. Yaya, mai gemu ne, kuma ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi ba. Kada ki aiko kowa ya ba ni baki. Malamar tana can tana neman yadda za ta sake kiran mahaifiyarta.

Ki gaida maigidan.
Ƙanwarki,
Auta