Fulogin Marigayi

Al Mirqab, Doha.

Zuwa ga Hajiya Ajaratu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Ni dai aikin idon ya yi kyau, har na fara ganin abin da ban nema ba.

Tun ina koyon aiki a garejin Funtuwa nake jin wata magana, wai fulogin da aka cire daga injin da ya kashe mai shi ba ya hucewa, kuma wanda ya ɗaura shi sai ya ƙarasa wa mamacin tafiyarsa. Na ɗauka masu sayar da sabo ne suka ƙirƙiro ta don kada a sayi na hannu. Fulogi kin san shi, ɗan ƙarfen nan mai farin kai da ke ba inji wuta, wanda kike tsinta a aljihuna ranar wanki kina mita.

To, ɗan nan namu, Ɗanbaba naki, aikin gas bai ishe shi ba. Jirgin sama yake haɗawa da hannunsa, mai kujera biyu, a wata rumfa bayan gari. Injin na abokin aikinsa ne, Injiniya Ɗalhatu, wanda nasa jirgin ya faɗi da shi cikin rairayi bara, Allah ya jiƙansa. Jirgin ya tashi daga aiki, injin kuwa ko ƙwarzane.

Ya ce in zaɓar masa fulogi, don ya girmama furfurata. Akwai mai zafi, akwai mai sanyi. Na ce a garin da za ka soya ƙwai a kan mota, mai sanyi za a sa. Sababbi fil suka zo a kwali. Inji ya yi tari ya ƙi tashi. Muka canja wasu, ya ƙi. Da ya mayar da tsofaffin marigayi, bugu ɗaya ya kama, yana gurnani kamar kyanwar da ta ƙoshi.

Na sa ya cire su muka zo da su gida. Na wanke su tas, na jera a tebur ƙarƙashin na'urar sanyin nan da ke hana ni barci. Da safe na taɓa, ɗumi, Hajiya, kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai yanzu. Bakinsu kuma ya yi launin shayi da madara. Duk bakanike ya san launin nan, na injin da ya yi doguwar tafiya ne.

Ban ba ki labarin a waya ba don bangon gidan nan ba shi da kauri. Ki gaida kowa.

Mijinki,
Dogara.

Al Mirqab, Doha.

Hajiya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki. Munzali direba zai kawo miki wannan hannu da hannu, ki sa a karanta miki tun kafin ya sha ruwa.

Ɗanbaba ya mayar da fulogin marigayin ya ɗaura. Asabar mai zuwa zai tashi. Na yi masa magana ta uba, na yi ta bakanike, ya yi dariya ya ce khalas, wato ya isa haka, Baba, ƙarfe bai san wanda ya mutu ba. Ya nuna mini na'ura ta auna su, lafiyarsu ƙalau. Ban musa ba. Ai lafiyar tasu ce ke damuna. Shekaranjiya na dafa injin da hantsi, ba wanda ya tayar da shi tun Juma'a, na janye hannu don zafi. Matarsa Hafiza ba ta san komai ba, tana ta ɗinka wa kujerun riga.

Ga abin da nake roƙo. Tunda kika haife shi ba ki taɓa kama sunansa ba, ɗan fari ne, kunya ta hana. Ko da ya karye yana yaro, ta bakin ƙanwarki kike tambayar jikinsa. Na san nauyin abin. Amma ki kira shi a waya, ke da kanki, ki ce Mudasiru, ban yarda ba. Ni ya saba da muryata. Taki a kan sunansa bai taɓa ji ba, ita kaɗai nake ganin za ta sauko da shi. Kunya za ta dawo daga baya, in akwai wanda za a ji wa.

Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Dogara.

Na manta. Maganar Funtuwa an sake faɗa mini ita jiya, bayan la'asar, a masallacin unguwa. Wani dogo da ke gefena, rigarsa na warin fetur, ya gaishe ni da Hausa ya zayyana ta tiryan-tiryan. Ya ce shi bai nemi abokin tafiya ba, amma in an zo ba zai kora ba. Kafin in lalubo takalmina ya fita. Da na koma gida na ce Hafiza ta nuna mini hotunan abokan mijinta. Ɗalhatu ne.