Tokar Delbert Ta Jira Ni

Kodiak, Alaska

Yaya Wendell,

Gaisuwa mai yawa. Ya Mama da ƙafarta? Ya yara, ya zafin Bakersfield?

Ni lafiya lau. Injin yankan kifi ya ɗan taɓa min hannu, amma yatsu takwas sun ishi mutum riƙe sitiyari. Kada ka gaya wa Mama.

Matarka Loretta ta rubuto min yadda kuka yi da tokar abokina, marigayi Delbert. Abu ɗaya mutumin nan ya roƙa: in an ƙona gawarsa, a zuba tokar cikin laimar birkin tsohuwar motar tseren da muka ƙera tare, wadda ke buɗewa ta baya ta tsayar da motar, a sheƙa gudu a filin gishirin da ake tseren motoci, a saki laimar, iska ta kwashe shi. Motoci arba'in suka jeru, matarsa Darlene na tsaye. Kai kuma ka ja motar kamar mai kai ƙwai kasuwa, laimar ta faɗo a ƙunshe, ko buɗewa ba ta yi ba. Wai har ka ce, "Yi haƙuri, Darlene, injin ne ya yi sanyi."

Injin Delbert bai taɓa sanyi ba, Yaya. Ƙafarka ce. Shekara ashirin yana kiranka Goggo saboda sanyin tuƙinka, ina tare maka faɗa. Na janye.

Ka turo min safar hannu mai kauri. Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Tokar kuwa ka ajiye a gareji. Gara Delbert ya jira ni har bazara da ya sake shiga motar da kake ja.

Ƙaninka,
Royce