An Kankare Sunanka, Yaya Sabo

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Yaya.

Bayan gaisuwa irin wadda ƙani ke yi wa wansa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama, ya yalwata maka makwanci. Mutanen gida suna nan ƙalau. 'Yarka Hindatu ta girma, ita ke riƙe da kwamfutar shago yanzu. Injinka na buga littafi kuma yana nan yana tari, kamar yadda ka bar shi. Na san ba ka ƙaunar waya, ka sha cewa ita za ta kashe karatu, to ga shi a cikinta nake rubuto maka, jama'a suna karantawa tare da kai. Su karanta. Akwai mutum ɗaya a cikinsu da nake so ya gani, ya kuma san kansa.

Ka san ni ba marubuci ba ne. Dillalin shanu ne ni, a kara na yi wayo, boko kuma na tsaya inda na tsaya. Da ka rasu aka duba aka rasa wanda zai riƙe Maɗaba'ar Bakin Gada, sai aka ɗora mini, wai ni na iya ciniki. Na karɓa don kunyarka. Amma abu ɗaya na taho da shi daga kara wanda ya yi mini amfani: na san cewa dillali ba shi da jari sai sunansa. Ranar da aka daina cewa wane ya ce saniyar lafiyarta ƙalau, ranar ya tashi daga aiki, ko da yana nan zaune a rumfarsa. Maganar suna ce ta sa na ɗauki wayar nan.

Kana tuna bencin nan na ƙofar shago? Ba ka taɓa buga labari ba sai ka zauna a kansa bayan la'asar ka karanta shi da ƙarfi. Duk wanda ya zo ya zauna: Ɗan'asabe tela, masunta da suka dawo daga kogi, mai rake, direban da motarsa ta lalace. Kai kana karatu, idonka ɗaya na kan takarda, ɗayan na kan ƙafafun mutane. Inda duk wani ya fara laluben takalminsa, sai ka ja layi da jan biro. Ka ce wa marubucin, "Mutum zai yaba maka da baki don kunya, amma ƙafarsa ba ta san kunya ba. Je ka gyara nan." A lokacin dariya nake maka, ina cewa wannan ai ɓata lokaci ne, mai kaya ya kawo kayansa, ka buga masa ka sallame shi. Ka ce mini littafi ba saniya ba ne.

Haka Habibu ya zo maka, malamin firamare daga Indabo, riga ɗaya, keke ɗaya, da labarinsa na wani masunci, Komar Jibo. Ka fara karantawa benci ya cika, har wasu suna tsaye. Da aka zo babin da ya tsaya yana jero kakannin masuncin da garuruwan da suka zauna, Ɗan'asabe ya miƙe ya ce yana da ɗinkin amarya. Ƙarya yake, kowa ya san ranar ko wuta babu. Ka ja layi daga farkon babin har ƙarshensa. Habibu ya yi fushi, ya ce nan ne ilimin littafin yake, ya naɗe takardunsa ya hau keke. Da damina ta wuce ya dawo, ya cire babin, ya ƙara wurin da kwale-kwale ya kife. Ranar da ka sake karantawa sai da ladan ya kira magariba kafin benci ya watse, Ɗan'asabe kuwa ya bi ka har masallaci yana tambaya ko Jibo ya tsira.

Ka buga shi. Ka ɗauka da kanka ka kai Kano, ka kai kasuwannin ƙauye, ka roƙi masu shaguna su ajiye. A shafin farko Habibu ya rubuta godiya, ya ce kai ka koya masa jin maganarsa da kunnen wani. Na ga ka karanta layin nan ka yi kamar wani abu ya faɗa maka ido.

To bari in ba ka labarin duniyar da ka bari. Matan da suke aiko yara sayen littafi yanzu a waya suke karantawa, yau babi, gobe babi, babu wanda ya duba kafin a saki. Masu ɗan ƙarfi kuma sun koma wasu kamfanoni na manyan birane, masu suna da Turanci da tambari mai ƙyalli. Mu sunanmu ya koma 'yan bugun kasuwa. Idan aka faɗa sai an ɗan yamutsa fuska. Ba zan yi maka ƙarya ba, wasu a cikinmu su suka jawo: ka sayi littafi ka tarar shafi na tsakiya a kife, ko wani ya buga aikin da ba nasa ba. Amma a kara idan dillali ɗaya ya sayar da saniya mai ciwo, shi ake kora, ba a rufe kasuwa. A harkar littafi kuwa gaba ɗaya aka haɗa mu, kai da ka kan karanta labari har muryarka ta dushe, da wanda ko buɗewa ba ya yi. Abin da ke ciyar da injinka yau katin biki ne, da fastar 'yan takara, da takardun da ɗaliban jami'a ke kawowa a kwafa musu.

Habibunka ya zama Dakta. A jami'a yake koyarwa, ya yi mota, ya yi tumbi, Allah ya ƙara, ba na baƙin ciki. Bara ya zo shago. Bai zauna a benci ba, ya tsaya jikin motarsa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya yi maka addu'a mai kyau. Ni kuma na san mai saye idan ya tsawaita gaisuwa akwai abin da yake jin nauyin faɗa. Can ya fito da shi. Yana neman ƙarin girma, masu duba takardu kuma ba sa lissafa littafin da aka buga a irin wurinmu. Yana so in sake buga masa Komar Jibo, a injin nan naka, da takarda mai kyau, amma a bango a sa sunan wani kamfani na Abuja. Ya riga ya yi magana da su, za su ba da suna da tambari. Shafin godiya kuma a cire, don kada a gane tsohon aiki ne.

Na tambaye shi ko mutanen Abujan sun karanta littafin. Ya ce ba aikinsu ba ne. Na ce to mene ne aikinsu? Ya ce suna gare su.

Yaya, na yi dillanci iri-iri, na ga an shafa wa tsohuwar saniya mai a ƙaho don ta yi ƙuruciya, amma ban taɓa ganin an zo wa makiyayi an ce ya kankare shaidar garkensa da hannunsa ya sa ta wani ba. Ban yi masa faɗa ba. Na ce injin ba shi da lafiya. Ya dawo, na ce takarda ta yi tsada. Ya sake dawowa, na ce Hindatu na jarrabawa. Ya gane. Da zai shiga mota ya ce da ni, a hankali, kamar mai ba da shawara, "Isiyaku, ka fahimce ni. Littafin da aka buga a Wudil ba ya ƙetare gada."

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji.

Ya kai aikin Kano aka yi masa. Aka aiko mini da katin ƙaddamarwa, na sa babbar riga na tafi. Zaure ya cika, manya a gaba, ɗalibai a baya suna jiran shinkafa. Littafin ya yi kauri, na yi mamaki, sai da na buɗe na ga dalili. Babin kakannin nan ya dawo, cif, har da ƙari. Tunda babu mai jan biro, ya mayar da abinsa. Shi aka zaɓa aka karanta wa jama'a, saboda nan ne ilimin yake. Aka yi tafi. A irin wurin nan ba a tashi, Yaya, ƙafa ma ta koyi kunya. Wani babba ya miƙe ya ce wannan aiki ya nuna an fara tsamo adabinmu daga hannun 'yan kasuwa. Aka sake tafi. Habibu ya yi godiya ga iyayensa, da malamansa, da kamfanin Abuja, da mai ɗaukar hoto, har da wanda ya ba da aron lasifika. Ina zaune ina jira. Na jira har aka yi addu'ar tashi.

A bakin ƙofa ya ba ni kwafi ɗaya, ya sa hannu, bai yarda mun haɗa ido ba.

Washegari bayan la'asar na fito da bencinka, na kira Ɗan'asabe. Ya tsufa, ido ya yi rauni, yaransa ke ɗinkin yanzu. Ban gaya masa komai ba, na ce ga labari zan karanta. Karatuna ba kamar naka ba ne, ina tuntuɓe a kalmomi, amma ya zauna yana gyaɗa kai, ya ce wannan ai Jibo ne. Da na shiga babin kakanni, ban kai ƙarshen shafi ba na ga ƙafarsa tana laluben takalmi. Ya ce yana da ɗinki. Mutumin da ko zare ba ya iya zurawa. Na yi dariya har hawaye suka zubo, daga baya kuma na lura dariyar ta ƙare, hawayen ba su tsaya ba. Gaskiyarka ce, Yaya. Amma me gaskiyar ta tsinana? Ya samu ƙarin girmansa. Kujerarsa ta ƙaru, sunanka ya ragu, babu wanda ya shaida gaskiyarka sai ni da ƙafar tsohon tela.

Saura abu ɗaya. A ɗakin baya akwai kwalayen tsohon bugu da ka bari, masu bango ruwan ƙasa, da Maɗaba'ar Bakin Gada a ƙasa, da shafin godiya a ciki. Nan kaɗai sunanka ya rage a jikin littafin. Habibu ya tuna da su. Ya turo ɗan aike, wai yana so ya saye su duka, in faɗi abin da nake so. Na tambayi ɗan aiken me za a yi da su, ya ce ajiya. Na san irin ajiyar. Hindatu tana jin mu, ta daina buga kwamfuta, ta zuba mini ido. Ta san halin da shago ke ciki, ta kuma san ni ban taɓa barin ciniki mai kyau ya wuce ni ba. Na ce wa ɗan aiken ya gaida Dakta, ya ce masa kayan sun riga sun yi mai su.

Ranar Juma'a na sa aka ɗora kwalayen a kura aka kai mini kara. Ka san yadda ake lodin shanu da yamma, tireloli sun jeru za su yi Kudu, masu rakiya suna hawa saman katako da buhunansu, tafiya mai nisa ba abin yi sai kallon ƙaho. Na bi su mota mota. Duk wanda ya iya karatu na miƙa masa ɗaya, wanda bai iya ba na ce ya ba na kusa da shi ya karanta musu da ƙarfi. Wani direba ya tambaye ni ko na siyasa ne, na ce a'a, na masunci ne. Ya tambayi nawa, na ce ya buɗe shafin farko ya yi wa mai sunan nan addu'a, shi ne kuɗin. 'Yan'uwana dillalai suna ta tsiya, wai Isiyaku ya fara rabon kaya kyauta, lallai tashin duniya ya kusa.

Na tsaya a bakin titi har motar ƙarshe ta hau gada. Ina hango wani yaro a saman shanu ya buɗe littafin, iska tana kaɗa shafukan, ya danne da hannu biyu.

Littafin ya ƙetare, Yaya. Ba a cikin mota mai sanyi ba, ba da tambari mai ƙyalli ba, yana warin kashin shanu, amma da sunanka a jiki.

Kwafi ɗaya na rage, na ba Hindatu. Ta ce in gaya maka ba za ta bari a sauke allon shago ba, ko da katin biki kaɗai za mu ci gaba da bugawa. Benci ma yana nan. Ba kowa ke zama ba, amma ina fito da shi, saboda idan ya daɗe a ciki sai in ji kamar na rufe maka ƙofa. Ina kewarka, abin da ban taɓa faɗa maka ba kana raye, don mu ba mu saba ba. Na so a ce na zauna na saurara lokacin da kake karatu, maimakon in tsaya ina maka lissafin lokaci.

Habibu kuwa ban yafe masa ba tukuna. Na san da kai ne da tuni ka yafe, har ka nemo masa uzuri. Ka bar ni da nawa halin, a hankali zan zo.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa kowane harafi da ka gyara ya zama nauyi a mizaninka. Ya rubuta sunanka a inda babu mai iya kankarewa. Ya haɗa mu da Inna da Baba a gidan da ba a rabuwa. Amin.

Ƙaninka mai taurin kai,
Isiyaku Dillali,
Sabon Gari, Wudil.